Sharhi kan takardar AUDIT: abin da take kamawa da abin da ke kuɓuce mata idan mace ce a gabanka

Shafi guda ce, tambayoyi goma, kuma ba a biyan ko sisi. Ana sauke ta daga shafin intanet na Hukumar Lafiya ta Duniya, a kai shagon buga takardu a fitar da ɗari a ajiye a durowa. Ma'aikaciyar da hannunta ya faɗa tana gama cike ta cikin minti biyu zuwa huɗu. Sunanta AUDIT, aikinta kuma gano wanda shan giyarsa ya fara zama haɗari tun kafin hanta ta kumbura ko aure ya mutu. Hukumar ta fitar da ita a 1989 bayan an gwada ta a kan marasa lafiya a ƙasashe shida, wato Nowe, Ostireliya, Bulgeriya, Meziko, Amurka da Kenya, sannan aka sabunta littafin jagorarta a 2001. Har yau tana cikin takardun da aka fi jawowa a duniya in ana son tantance mai sha a ƙaramin asibiti.

Wannan sharhi abu ɗaya ya sa a gaba: yadda takardar ke aiki idan mace ce zaune a kan benci, a ɗakin awo ko ɗakin ganin likita, a Jos ne ko Kafanchan, a Sabon Garin Kano ko wani zango a Kumasi. A ganinmu takarda ce mai kyau, ta fi tambayar nan ta "kina shan giya?" nesa ba kusa ba. Sai dai wanda ya ɗauke ta yadda ta zo, ya karanta wa mace, ya haɗa maki, ya dubi lamba 8, wato makin da daga shi ake ɗaukar sha ya fara zama haɗari, to mata da yawa masu buƙatar taimako za su wuce ta gabansa ya sallame su da "lafiya lau".

Tambayoyi uku na farko a kan yawan sha suke: sau nawa ake sha, ma'auni nawa ake sha a ranar da aka sha, da sau nawa ake kai ma'auni shida ko fiye a zama guda. Ta huɗu zuwa ta shida alamun kamuwa suke nema: kasa tsayawa in an fara, kasa sauke nauyin da ke kan mutum saboda sha, da neman giya da sassafe don jiki ya daidaita. Sauran huɗun ɓarnar da aka riga aka yi suke bi, wato nadama bayan sha, mance abin da ya faru daren jiya, jin rauni ko ji wa wani, da ko wani ɗan'uwa, aboki ko ma'aikacin lafiya ya taɓa nuna damuwa. Takwas na farko kowace tana da maki 0 zuwa 4, ta tara da ta goma kuwa 0, 2 ko 4 ne kawai. Jimla 40. Daga 0 zuwa 7 wayar da kai ake yi, 8 zuwa 15 shawara ta ɗan lokaci, 16 zuwa 19 shawara da zaman tattaunawa da bibiya, 20 zuwa sama a tura wajen ƙwararru. Tsarin a tsabtace yake, ko sabuwar ɗalibar aikin jinya za ta riƙe shi a rana ɗaya.

Matsala ta farko, kuma mafi girma, ita ce kalmar "ma'auni". A wajen masu takardar, ma'auni ɗaya yana nufin giram 10 na tsantsar barasa. Babu macen da ta taɓa shiga shago ta ce a ba ta giram goma. Kwalba take saya, ko leda, ko ƙwarya. Saboda haka dole mai tambaya ta iya juya amsar da kanta, kuma lissafin ba shi da wuya: yawan abin shan da mililita, a ninka da kason barasar da aka rubuta a jikin kwalba, a sake ninkawa da 0.79.

Babbar kwalbar giya ta mililita 600 mai kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da giram 23.7, wato kusan ma'auni biyu da rabi. Matar da ta ce "kwalba biyu kawai nake sha" ta sha kusan ma'auni biyar ke nan. In aka rubuta "biyu" yadda ta faɗa, tambaya ta biyu za ta ba ta maki 0, alhali 2 ya kamata ta samu. In ta kai kwalba uku ranar Asabar, ta haura giram 70, ta tsallake layin ma'auni shida na tambaya ta uku, ita kuwa da gaskiyarta za ta ce ba ta taɓa shan shida ba, domin kwalabe take ƙirgawa. Baƙar giya ta fi haka nauyi. Wadda ake sayarwa a Najeriya mai kashi 7.5, babbar kwalbarta ta haura giram 35, kwalba biyu sun isa su tsallakar da ita layin. Ƙaramar leda ta mililita 30 mai kashi 40 ita ce ta yi daidai da ma'auni ɗaya. 'Yar kwalbar roba ta mililita 200 mai irin wannan ƙarfi, wadda ke ɓacewa cikin jakar hannu tsakanin hoda da gyale, ta ɗan haura ma'auni shida. Tun farkon 2024 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta sanar da haramta sayar da barasa a leda da ƙananan kwalabe, aka yi ta ja-in-ja da masu masana'antu a kan aiwatarwa, don haka kada a ɗauka sun ɓace daga kasuwa, a ci gaba da tambaya a kansu.

Burukutu da fito su ne suka fi ba da wahala. Ba su da tambari, ƙarfinsu ya danganta da hannun mai dafawa da tsawon lokacin da suka yi suna tsima, na safe daban na yamma daban. In aka ƙaddara kashi 4, ƙwaryar da ke cin lita ɗaya ta kai ma'auni uku. Ga shi kuma sau da yawa ƙwarya ɗaya ce ke zagaya mutum uku ko huɗu, kowa ya kurɓa ya miƙa. Takardar ba ta ce komai a kan wannan ba, littafin jagorar ya dai ce kowace ƙasa ta daidaita ma'aunin da abin da mutanenta ke sha. Dabarar da ta fi aiki ita ce a samo ƙwarya babba da ƙarama irin na mashayar yankin, da kofin roba, a cika kowanne da ruwa, a juye a jug mai lamba, a rubuta adadin ma'aunin a gindinsa da alƙalamin da ba ya gogewa. Sai a ce, "Mama, nuna min wadda kike sha da ita, kuma sau nawa ake cika miki?" Inda ajiye kwalbar giya a durowar asibiti zai jawo magana, hoto a waya ko kati mai zane ya wadatar. Ba tare da wannan ba, tambaya ta biyu da ta uku cika takarda ne kawai.

Ogogoro da sauran barasar da ake tatsa a gida suna da wani haɗari da takardar ba ta tambaya sam. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas bayan shan wadda ke ɗauke da gubar metanol. Mai irin wannan sha, ko makinta 3 ne, a gaya mata cewa dishi-dishin gani da ciwon ciki da amai bayan sha ba abin kwanciya a gida ba ne.

Sai lamba 8. Mace da namiji masu nauyi ɗaya in suka sha giya daidai wa daida, ta mace ta fi hawa cikin jini, domin ruwan jikinta, inda barasa ke narkewa, bai kai nasa ba: kusan rabin nauyinta ne, nasa kuwa wajen kashi 60 cikin ɗari. Hantarta tana lalacewa da sha kaɗan kuma cikin shekaru kaɗan in aka kwatanta da tasa. Ga kuma sankarar mama, wadda haɗarinta ke ƙaruwa da wajen kashi 7 cikin ɗari a kan kowane giram 10 da ake sha kullum. Littafin jagorar kansa ya yarda cewa rage layin zuwa 7 ga mata da waɗanda suka haura shekara 65 yana ƙara kama masu haɗari, amma an binne maganar a cikin littafi, ba ta kan shafin da ake bugawa a raba. Wannan kuskuren tsari ne, kuma shi ne babban abin da muka riƙe takardar da shi.

Ko 7 ɗin ma ya yi sama. A ɗauki misalin mace mai shan babbar kwalba ɗaya kowane dare bayan yara sun yi barci. Tambaya ta farko ta ba ta 4. Ta biyu 0, ko 1 in aka cika lissafi zuwa uku. Ta uku 0. Tana tashi da asuba ta ɗora tukunya, ba ta taɓa faɗuwa ba, ba wanda ya sani balle ya yi mata magana. Jimlarta 4 ko 5, takarda ta ce a wayar mata da kai a sallame ta. Alhali a mako tana zuba wa jikinta sama da giram 160, iyakar da hukumomin lafiya na Ingila suka ba da shawara kuwa giram 112 ce. Abin da ke kama irin wannan mata shi ne gajeriyar sigar da ake kira AUDIT-C, wato tambayoyi ukun farko kaɗai, maki 0 zuwa 12, inda layin mace yake 3, na namiji 4. Shawararmu a haɗa maki sau biyu a kan takarda ɗaya: na ukun farko a gefe, na duka goma a ƙasa. In ɗaya daga ciki ya haura, a zauna a yi magana. Ingila ma ta gyara tambaya ta uku a tata sigar, ta raba layin: giram 48 ga mace a zama guda, 64 ga namiji.

Akwai wata ƙofa da takardar ta buɗe don sauƙaƙa aiki, wadda a wajen mata takan zama rami. An yarda in amsar tambaya ta farko "ban taɓa ba" ce, a tsallake zuwa ta tara da ta goma. Ma'ana, duk takardar ta rataya ne a kan yadda aka furta jimlar farko. In aka ce wa matar aure, "Hajiya, kina shan giya?" an gama. Amsar "a'uzubillahi" ce, kuma an ɓata zaman. Asalin tambayar ba giya ta ce ba, cewa ta yi abin sha mai barasa a ciki, kuma bambancin yana da girma. Akwai mai shan jiƙon saiwoyi da aka tsima a ogogoro don ciwon mara ko ciwon baya ko basir. Akwai mai shan bitas na kwalba, wanda wasunsa ke kai kashi 30 zuwa sama, tana kiransa maganin wankin ciki. Akwai wadda aka ce ta haɗa baƙar giya da madara don ƙarin jini, da mai jego da aka ba bammi wai don nono ya kawo. Duk cikinsu babu wadda ke ganin kanta mashayiya, kuma ba ƙarya suke yi ba in suka ce a'a.

Hanyar da ta fi ita ce a shigar da tambayar cikin jerin tambayoyin yau da kullum. A fara da barci, cin abinci, goro, shayi, maganin da ake saya a kemis, sannan a gangaro: "Ban da maganin asibiti, akwai wani jiƙo ko bitas da kike sha? A ruwa ake jiƙa shi, ko a cikin mai ɗumama ƙirjin nan?" Kuma a faɗa tun farko cewa kowace mace da ta zo ana yi mata waɗannan tambayoyi, ba don an ga wani abu a fuskarta ba ne. In ya zama wasu ake zaɓa a yi wa, masu attachi da dogon farce, a ƙyale masu hijabi har ƙasa, to takardar ta tashi daga kayan aiki ta koma zargi, kuma za a yi kuskure ta ɓangarorin biyu.

Ɗakin da ake tambayar shi ma rabin sakamako ne. Takardar ta ƙaddara mutum biyu ne a ɗaki kuma ƙofa a rufe. A ɗakin awo na ƙaramin asibiti labule ne ke raba mai amsa da mata talatin da ke kan layi, cikinsu har da maƙwabciyarta, wani lokaci uwar miji ko ƙanwarsa na tsaye da jakar kati a hannu. A jihohin da ke aiki da Shari'a shan giya laifi ne mai hukuncin bulala, ko ba a kai ga kotu ba kuma, mace ta san abin da magana ɗaya za ta jawo mata: saki, raba ta da 'ya'ya, sunan da zai bi ƙannenta mata har ranar aurensu. Namiji mashayi ana cewa Allah ya shirye shi, mace kuwa ana cewa ta lalace. Don haka a fitar da 'yan rakiya da dabara, "Inna, ɗan ba mu wuri zan duba ta", kada a taɓa sa ɗan'uwa ya yi tafinta, kuma a gaya mata ƙarara wa zai ga takardar da wanda ba zai gani ba. Mai iya karatu, a ba ta biro ta cike da kanta. Mutane sun fi gaya wa takarda gaskiya a kan su gaya wa fuska.

Wasu tambayoyin suna bukatar karatu na musamman. Ta biyar, mai tambayar kasa sauke nauyi, mata kan amsa ta da a'a har sai abu ya yi nisa, domin girki da wanki da shirya yara su ne na ƙarshe da mace ke saki. A sauko da ita ƙasa: tuwo ya taɓa kamawa kina kwance? Yara sun taɓa makara saboda kin kasa tashi? Kin taɓa fasa fita kasuwa? Ta bakwai, ta nadama, akasin haka take yi. A cikin al'ummar da addini ya haramta sha, wadda ke kurɓa sau ɗaya a wata ma tana iya kwana da nadama kullum, ta kwashi maki 4 daga nan kaɗai. Shi ya sa ba a tsayawa ga jimla, a duba daga ina makin ya fito. Ta goma kuwa, mai tambayar ko wani ya nuna damuwa, tana ba mai ɓoyewa kyautar sifili. Iya ɓoyewarta, iya kyan sakamakonta.

Ta takwas da ta tara su ne ya kamata biro ya tsaya a kansu. Macen da ta ce ta taɓa farkawa ba ta san abin da ya faru daren jiya ba, tambaya ta gaba ba ta kan takarda: a ina ta farka, da wa, kuma yaushe? In abin bai wuce awa 72 ba akwai maganin kariya daga cutar HIV, in bai wuce kwana biyar ba akwai na hana ɗaukar ciki na gaggawa. Ta tara kuma cewa ta yi rauni "saboda shanki". Matar da miji ya dawo a buge ya fasa mata leɓe za ta ce a'a, kuma daidai ta amsa, tunda ba shanta ba ne. Takardar ba ta da gurbin shan miji, alhali zama da miji mashayi yana cikin manyan abubuwan da ke jan mace ga sha, kuma yana cikin abin da ke mayar da ita bayan ta daina.

A nan ne iyakar takardar ta fito fili: tana auna sha, ba ta tambayar dalili. Abubuwan da aka san suna tura mata ga barasa ba ɓoyayyu ba ne. Ciwon damuwa da fargaba suna gaba, kuma a wajen mata sau da yawa damuwar ce ke riga shan zuwa. Sai cin zarafi tun ana yarinya, duka a gidan aure, mashayi a cikin iyaye, fara sha kafin shekara 15, rashin barci, mutuwar miji ko saki, gorin rashin haihuwa. Akwai kuma na sana'a, wanda ya shafi yankunanmu kai tsaye: dafa burukutu da sayar da shi aikin mata ne, mai dafawa tana ɗanɗanawa tun safe don ta ji ko ya yi, mai sayarwa kuma abokan ciniki na saya mata, ƙin karɓa kuwa korar ciniki ne. Ce wa irin wannan mata "ki guji wuraren sha" daidai yake da ce mata ta daina ciyar da 'ya'yanta. Likitoci sun daɗe da lura cewa tazarar da ke tsakanin fara sha da kamuwa takan fi gajarta a wajen mata, don haka "bara na fara" ba abin kwantar da hankali ba ne. Mafi ƙarancin abin da za a ƙara a bayan takardar shi ne tambayoyi biyun nan na tantance damuwa, wato ko a makonni biyun da suka wuce ta rasa sha'awar abubuwan da ta saba jin daɗinsu, da ko tana jin ƙunci da yanke ƙauna, sai ta uku: "Kina jin tsoron wani a gida?"

Ga mai ciki, lissafin maki ma bai taso ba. Babu adadin barasar da aka tabbatar ba ya cutar da ɗan tayi, kuma illar, daga ƙarancin nauyi zuwa taɓuwar ƙwaƙwalwa da sauyin kamannin fuska, ba ta warkewa. Duk amsar da ba sifili ba a tambaya ta farko ta isa a zauna. AUDIT shekara guda take tambaya a dunƙule, ba ta raba kafin ciki da bayansa. Ungozoma ta raba da kanta, ta fara da "kafin ki san kina da ciki", domin wannan ya fi sauƙin amsawa, kuma makonnin farko, lokacin da mace ba ta ma san ta ɗauka ba, su ne lokacin da gaɓoɓi ke haɗuwa. A ɗakin awo ma dai mun fi son T-ACE, mai tambaya huɗu, wadda aka tsara musamman don masu ciki. Hikimarta tana cikin tambayar farko: ma'auni nawa kike sha kafin ki ji ta fara hawa? Ba ta tambayi ko ana sha ba, kuma mutane ba su ɗauke ta abin kunya ba. Amsar da ta haura biyu tana ba da maki 2, wanda shi kaɗai ya isa a ce a bincika. Mai shayarwa kuma a gaya mata gaskiya game da bammi: barasa tana shiga nono daidai yadda take cikin jini, tana rage saukowarsa, jariri kuma yana tsotsar ƙasa da abin da ya saba. Kowane ma'auni ɗaya yana buƙatar wajen awa biyu kafin ya fita, tatsar nono a zubar ba ya gaggauta shi.

A can ƙuryar Arewa akwai wani gibin. Mace na iya cin sifili a AUDIT da gaskiyarta, alhali tana shanye kwalbar kodin kullum, ko tiramadol, ko ƙwayar barci irin su diyazefam da roci. Gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, binciken ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a wannan shekarar kuma ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya, ɗaya mace ce. Asibitin da ke Kano ko Katsina ko Sakkwato, in takarda ɗaya zai iya ɗauka, gara ya ɗauki ASSIST, ita ma ta Hukumar Lafiya ta Duniya ce kuma kyauta, tana bin taba, barasa, wiwi, ƙwayoyin barci, dangin kodin da sauransu ɗaya bayan ɗaya. Ta fi cin lokaci, amma ita ke gano mai haɗa barasa da waɗannan ƙwayoyi, haɗin da ke danne numfashi mutum ya wuce cikin barci.

Sai abin da za a yi in maki ya yi sama, inda kyakkyawar niyya ke iya kisa. Macen da ta kai 20, ko ta ce tana neman sha da safe don hannunta ya daina rawa, kada a ce mata "daga yau ki bari". Jikin da ya kamu in aka yanke masa barasa farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 rawar jiki da zufa da amai ke farawa, farfaɗiya na iya biyowa cikin kwana biyu, ruɗewa da gane-gane kuma tsakanin kwana biyu zuwa huɗu. Wannan mataki na ƙarshe yana kashewa, kuma a gida sau da yawa iska ake ɗaukarsa, a tafi wajen ruƙiyya ko addu'a alhali gadon asibiti ake buƙata. Irin wannan mata a ƙarƙashin kulawar likita ake janye ta, da magani, da sinadarin tayamin (bitamin B1) da ake ba ta kafin ko tare da ruwan sukari don kare ƙwaƙwalwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri da Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, su ne wuraren turawa. Sai dai rubuta takardar turawa ba ya nufin ta je. Wa zai riƙe yara, me za a ce wa miji, kuma sunan "asibitin mahaukata" kaɗai ya isa ya mayar da ita gida. Kafin ta tashi a tsayar da rana, a san wanda zai raka ta cikin waɗanda ita ta amince da su, a karɓi lambar da za a kira ba tare da wayar ta faɗa hannun wani ba.

Ga masu maki tsaka-tsaki, minti biyar sun isa: a gaya mata makinta da abin da yake nufi ga jikinta, a tambaye ta me ita take gani, a tsayar da abu ɗaya da za ta gwada, kamar kwana uku a mako babu sha ko komawa ƙaramar ƙwarya, a sa ranar dawowa cikin wata guda. Wa'azi ba ya cikin aikin, ta riga ta ji shi a wurare da yawa.

Makin kuma kada a rubuta shi a katin awo da take tafiya da shi gida, wanda miji ke buɗewa, kishiya ke iya gani. A cikin fayil ɗin da ke zama a asibiti ake ajiye takardar, a kati kuwa wata 'yar alama da ma'aikatan ɗakin kaɗai suka san ma'anarta ta wadatar.